Yadda ake zaɓen tocilar ko-ta-kwana mai araha domin nutso a ruwa

Na koyi nutso da tukunyar iska a Bahar Maliya, shekarun da na zauna a Jidda. Ruwan can garau yake, kana mita 20 a ƙasa kana hango ƙasan jirgin da ya kawo ku. Da na dawo gida Zariya sai na tarar da ruwa iri dabam. Na Galma da na Kubanni, musamman daga Yuli zuwa Satumba, kamar kunun kanwa suke. Ka sauka mita 3 da rana tsaka, ka miƙa hannu, ba za ka ga yatsunka ba. A irin wannan ruwa tocila ce idonka.

Ta taɓa mutu mini a hannu. Wani manomin rani ne injin ban ruwansa ya zame daga gaɓa ya faɗa wuri mai zurfi, aka roƙe mu, ni da abokin nutsona, mu ɗaura masa igiya a jawo. Muna wajen mita 7, ina laluben hannun injin cikin taɓo, babbar tocilata ta yi ƙyaf-ƙyaf sau biyu ta ɗauke. Duhu ya rufe ni ruf. Na kai hannu ƙirji na murɗa kan 'yar ƙaramar da ke maƙale a wurin, haske ya fito. Agogon iska, mai nuna iskar da ta rage a tukunya, na fara haskawa, na ga allura tana inda ya kamata, sannan na nemo igiya na yi wa abokina alama muka hau.

Wannan 'yar ƙaramar ita ce tocilar ko-ta-kwana. Aikinta ta kama nan take duk lokacin da aka taɓa ta, ta kuma riƙe haske har ka fito. A kan wannan za mu auna komai. Masu koyar da nutso sun ƙa'ide tocila biyu ga mai nutson dare, masu shiga kogon ruwa kuwa uku suke ɗauka. Ni ruwan dam ɗinmu lissafin dare nake yi masa ko da azahar ce. Bayanin nan kuma na wanda ya riga ya koyi nutso ne a hannun ƙwararre, kuma yana da abokin shiga ruwa.

Kayan da za ka tanada

- Tocilar da za ka zaɓa, da zobban robarta na canji, masu hana ruwa shiga ciki
- Batir, da caja idan mai caji ce
- Giris na silikon, ɗan ƙaramin gwangwani ya isa shekaru
- Mitar auna wuta irin ta masu gyaran waya
- Ƙugiya mai harshen da ake ja da babban yatsa, ta ƙarfen da ba ya tsatsa ko ta tagulla
- Siririyar igiyar nailan kamar kamu ɗaya, da wata doguwa ta gwaji
- Tsohon tiyub na keke
- Bokiti, takardar tishu, ƙyalle mai tsabta marar gashi, leta, da agogo

1. Fara da sanin ruwan da za ka shiga

Rubuta abu uku a takarda kafin ka duba ko da hoton tocila ɗaya: zurfin da kake zuwa, tsawon lokacin da kake yi a ƙasa, da yanayin ruwan, garau ne ko gurɓatacce. Mai takardar shaidar nutso ta farko iyakarsa mita 18, na gaba da shi mita 30, nutson shaƙatawa gaba ɗaya ba ya wuce mita 40. Kowace mita 10 da ka sauka, matsin da ke kanka yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a doron ƙasa, wato a mita 30 ya ninka huɗu ke nan. Wannan matsi shi ke neman kowace 'yar kafa ya tura ruwa ciki.

2. Nemi zurfin da aka rubuta da mita

A nan sababbi suka fi asarar kuɗi. Wata rana a kasuwar Sabon Gari wani mai shago ya miƙo mini tocila mai nauyi, mai kyan gani, ya ce, "Yallaɓai, wannan ko a ruwa ka jefa ta ba abin da zai same ta." Gaskiya ya faɗa daidai saninsa, domin a jikin kwalin an rubuta IPX7. Ma'anar wannan lamba ita ce tocila za ta jure mita 1 na minti 30. Ta ruwan sama ce da faɗawa kwata.

IPX8 ta fi ta, amma ita ma abin da take nufi kawai an wuce mita 1, kamfanin ne zai faɗi iyakar zurfin. Saboda haka idan ka ga IPX8 ko IP68 babu adadin mita a gefe, ajiye ta. Abin da kake nema shi ne a rubuta ƙarara cewa ta nutso ce, ta mita 60 ko 100 ko sama. Ba za ka je can ba, amma wannan rarar ita ce ke rufa maka asiri bayan roba ta fara tsufa.

3. Zaɓi makunni mai sauƙi

Iri uku za ka fi gamuwa da su. Akwai wadda ake murɗa kanta ta kama, akwai mai maɓallin dannawa, akwai mai zobe ko abin ja na maganaɗisu.

Ni ta murɗawa nake ba kowa shawara a matsayin ko-ta-kwana. Ba ta da wani rami da aka huda a jikinta domin maɓalli, ba ta da abin da zai lalace, ba ta shan batir tana kashe, kuma ita ce ta fi arha. Aibinta biyu, duka kuma a hannunka maganinsu yake. Idan ba ka sassauta kan sosai ba, matsin ruwa zai danna shi ta kunna kanta a ƙirjinka ba ka sani ba, batir ya ƙare. Idan kuma ka rikice a ƙasa ka murɗa ta baya har ka wuce zoben roba, ruwa ya shiga. Za mu zo kan wannan a mataki na 8.

Mai maɓalli tana da daɗin kunnawa da hannu ɗaya, sai dai a masu arha matsin ruwa kan danne maɓallin ya ƙi dawowa. Mai maganaɗisu ba ta yoyo ta wurin makunni, amma yashi da baƙin ƙasa suna maƙalewa a ƙarƙashin zoben har ya cije, ruwanmu kuwa ga taɓo. Tana kuma karkatar da allurar kamfas idan sun kusanci juna.

Kowace ka ɗauka, guji mai hawa biyar, wadda sai ka bi ta ƙarfi, matsakaici, rauni, walƙiya da sauransu kafin ka kashe. Hawa ɗaya ya isa, biyu ba laifi.

4. Haske: tsukakke ya fi faffaɗa

Duk wanda ya yi tuƙi a hanyar Kaduna cikin hazon hunturu ya san abin da ke faruwa idan ya kunna babbar fitila: hasken ya daki ƙura ya dawo masa ido. Haka ruwa mai laka yake yi. Tocila mai faffaɗan haske, irin ta masu ɗaukar bidiyo mai digiri 100 ko fiye, farin bango kawai za ta gina maka a gaba. Nemi mai tsukakken haske, tsakanin digiri 6 zuwa 15. Ita ce ke huda gurɓataccen ruwa, ita ce kuma abokinka zai gani idan ka yi masa alama.

Ƙarfin haske ana auna shi da lumen. Daga 300 zuwa 1000 ya wadatar. Kada lambobin talla su ruɗe ka. Batir ɗaya mai caji na 18650 wutar da ke cikinsa wajen wat 11 ce ta awa ɗaya, kuma lumen 1000 na gaskiya yana shan kusan wat 10. To wanda ya rubuta lumen 20000 a jikin tocila mai batir ɗaya, daga ina wutar za ta fito? Wanda ya yi ƙarya a nan, ni ba na yarda da zurfin da ya rubuta ma. Kuma ka tuna, ƙarin haske ƙarin shan batir ne. Na fi son lumen 500 na awa 3 a kan 1500 na minti 40.

5. Batir

Nan ne ya kamata kuɗinka ya tafi. Hanya biyu ce.

Ta farko tocila mai batir na yarwa, AA ko C. Tsofaffin masu shiga kogo sun daɗe suna fifita wannan, saboda sabon batir ba ya tsiyayewa yana ajiye, kuma haskensa a hankali yake dusashewa, yana ba ka gargaɗi. A Zariya tana da wata fa'ida: ba ruwanka da an kawo wuta ko ba a kawo ba, kuma daga Samaru har Tudun Wada ba inda za ka rasa AA. Sai dai ka sayi alkalin na ainihi, ba mai arhar nan na rediyo ba, kuma kada ka haɗa sabo da tsoho. Kada ka bar shi cikin tocila wata da watanni, domin yana zubar da farin gishiri ya cinye ƙarfen ciki.

Ta biyu mai caji, yawanci 18650. Sunan daga girmansa ne, kauri milimita 18, tsawo 65. Ya fi haske, kuma bayan 'yan watanni ya fi sauƙin kuɗi. Matsalar ita ce jabu ya cika kasuwa. Na ainihi, na Samsung ko LG ko Panasonic ko Molicel, ƙarfinsa ba ya wuce wajen 3500mAh. Duk wanda ka ga an rubuta 6800 ko 9900, bar shi a wurin. Nauyi ma yana tona asiri: na kirki yana kai giram 45 ko ɗan sama, jabu kuwa za ka ji shi sakayau a tafin hannu. Idan ba ka da ƙaramin sikeli, masu sayar da zinare suna da shi.

Ga gwajin da nake yi wa kowane sabon batir. In cika shi, in auna da mita, ya nuna bolt 4.2 ko dab da haka. In ajiye shi mako guda ba a cikin komai ba, in sake aunawa. Idan ya sauka ƙasa da 4.1, ba zai shiga ruwa da ni ba. Ba ka da mita? Kowane mai gyaran waya a unguwar PZ zai auna maka cikin minti ɗaya.

Masu gyaran kwamfuta suna sayar da 18650 da suka ciro daga tsofaffin batiran laftof. Da yawa na ainihi ne, amma sun gaji. Sa su a fitilar gida. Abu na ƙarshe, 18650 mai kariya a kansa ya ɗan fi tsawo, wata tocilar ba ta rufuwa da shi, wata kuma sai da shi. Tambaya kafin ka biya.

6. Saye

Da wuya ka sami tocilar nutso ta gaske a shagunan Zariya, har Kano da Kaduna ma sai an dace. Yawanci ta intanet ake yin oda, ko a ba wani mai dawowa daga Legas, Jidda ko Alƙahira saƙo. Cikin masu sauƙin kuɗi akwai OrcaTorch, Sofirn da Wurkkos. Cikin tsofaffin kamfanoni masu tocilar batir na yarwa akwai Underwater Kinetics da Princeton Tec. Farashi yana bin dala, saboda haka ka haɗa lissafin tocila, batir, caja da kuɗin kawowa wuri ɗaya kafin ka ce wannan ta fi arha.

Da ta iso hannunka, kwance ta ka duba. Zoben roba ya zama biyu ko uku a jere, ba ɗaya ba. Tiredin, wato zanen da ake murɗa kan tocilar a kai, ya tafi sumul ba tare da ƙara ko cijewa ba. Gilashin gaba ya zauna daram. Girgiza ta da batir a ciki tana kunne. Idan haske ya yi rawa, mayar da ita. Sa safar hannu ka gwada kunnawa idonka a rufe.

Ta hannu ma ba laifi idan ta murɗawa ce kuma babu farin tsatsa a ciki, amma ka canza zobban roba gaba ɗaya.

7. Gyara zoben roba

Rayuwar tocilar duka a kan wannan siririyar roba take. Zauna a ɗaki, rufe taga, kashe fanka. Da hunturu ƙurar Zariya tana sauka kan komai cikin minti kaɗan, kuma ƙwayar yashi ɗaya ko silin gashi ɗaya ya isa ya buɗe wa ruwa hanya.

Matse zoben da yatsu biyu ka tura shi gefe har ya yi ɗan kunne, sannan ka zare. Kada ka sa allura ko wuƙa. Goge shi da ƙyalle, goge kwarmin da yake zama. Ja shi a hankali tsakanin yatsu kana duban tsagewa ko inda ya baje. Ɗebo giris kamar ƙwayar gero, ka murza har zoben ya yi sheƙi kawai. Giris ba ya tare ruwa, santsi yake ba roba don kada ta nannaɗe. Idan ya yi yawa ma datti yake tarawa.

Kuskure biyu nake yawan gani. Wasu suna shafa basilin ko giris na mota, alhali man fetur da danginsa suna kumbura wasu robobin su lalata su. Wasu kuma a ce silikon sai su sayo gam ɗin silikon na liƙe gilashi, wanda ke daskarewa. Ka ce wa mai shago giris kake so, wanda ba ya bushewa. Idan ba ka samu ba, bar zoben da man da ya zo da shi daga kamfani har ka samu. Idan zobe ya lalace babu na canji, ɗauki tsohon ka je wurin masu kayan injin ban ruwa ko na famfo a gwada maka daidai shi, kauri da faɗi. "Ya kusa" ba ya aiki a nan.

8. Gwada ta kafin ka dogara da ita

Gwaji uku ne, kada ka tsallake ko ɗaya.

Na yoyo: cire batir, nannaɗe tishu ka cusa a madadinsa, rufe, ka nutsa ta a bokiti ta kwana. Da safe goge jikinta sarai kafin ka buɗe, ka taɓa tishun. Kada ka raina bokiti. Sau da yawa a ruwa marar zurfi ake yoyo, domin matsi bai kai ya danne roba a mazauninta ba.

Na zurfi: ba mu da tankin gwaji a nan, amma muna da rijiya. Da izinin masu gida, wanke tocilar, sa sabon tishu, babu batir, ɗaura mata dutse da doguwar igiya ka zura har ƙasa na awa ɗaya. Zurfin daga saman ruwa ake ƙirga shi, ba daga bakin rijiya ba. In akwai mai kwalekwale da ka sani, tsakiyar dam ya fi. In duka babu, sauka da ita a nutsonka na gaba da tishu a ciki, kana ɗauke da wata.

Na lokaci: sa cikakken batir, kunna ta cikin bokitin ruwa, duba agogo. Cikin ruwa fa, domin tocilar nutso ruwa ne ke sanyaya ta, a iska zafi take yi. Rubuta lokacin da haske ya fara rauni. Ina so ya ninka tsawon nutsona sau biyu.

Idan ta murɗawa ce, ƙara wannan. Murɗa har ta kama, koma baya har ta mutu, ƙara rabin zagaye. Danna kan da tafin hannu da ƙarfi; idan ta yi haske, ƙara sassautawa kaɗan. Daga nan ci gaba da kwancewa kana ƙirga zagaye nawa ne kafin zoben farko ya leƙo, don ka san iyakarka. Maimaita kunnawa da kashewa har hannunka ya haddace ɓangaren da ake murɗawa.

9. Maƙala ta a jikinka

Tocilar da ke ƙasan aljihu ba ta da amfani a duhu. Ɗaure ƙugiyar a gindinta da siririyar igiyar nailan, zagaye uku, ƙulli mai kyau, ka ƙona bakin igiyar da leta. Igiya ake sawa ba zoben ƙarfe ba, don in ta sarƙe da wani abu wuƙa ta iya yankewa. Kada ka yi amfani da ƙugiyar da bakinta ke buɗewa da turawa kawai, irin ta maƙullai. Tana kama igiya ko ragar masunta da kanta, ragar da aka yasar kuwa ba ta ƙarewa a ruwanmu.

Maƙala ƙugiyar a zoben ƙarfen ƙirji na rigar nutsonka, kan tocilar yana kallon ƙasa. Yanko tiyub ɗin keke mai faɗin yatsu biyu, zura shi a madaurin kafaɗa, ka cusa kan tocilar ciki don kada ta yi lilo. Kowane mai faci zai ba ka tsohon tiyub.

Ranar da babbar ta mutu, kunna ƙaramar tana nan a maƙale, sannan ka ɓalle ta. In ta suɓuce tana kunne za ka ga inda ta faɗa. Haska agogon iska, nemi abokinka, kada ka haske masa ido. Zana da'ira da haske yana nufin lafiya, kaɗawa gefe da gefe a hankali neman hankalinsa ne, da sauri kuwa matsala. Daga nan nutso ya ƙare, hawa za ku yi, ba a ci gaba da aiki da ko-ta-kwana.

10. Kafin shiga da bayan fitowa

A bakin ruwa kunna ta ka kashe a gaban abokinka. Da kun ɗan sauka, kalli ƙirjinka ka tabbata ba ta kunna kanta ba.

Bayan fitowa jiƙa ta a ruwa mai tsabta, musamman in teku ka shiga, ka goge ta ta bushe kafin ka buɗe. Buɗe ta bakin yana kallon ƙasa don ɗigon da ya rage kada ya gangara ciki. Kada ka bar ta a but ɗin mota cikin zafin Maris da Afrilu.

Idan ka ga ruwa a bayan gilashi, fita da ita waje, kau da ita daga fuskarka, ka kwance a hankali, domin jiƙaƙƙen batir yana tara iska mai ƙarfi a ciki. Batirin ya tashi aiki, kada ka sake sa shi a caja. Ɗauraye cikin tocilar da ruwa mai tsabta, bar ta ta bushe kwana biyu ko uku a inuwa, canza zobba, ka koma mataki na 8 daga farko.

In za ka hau jirgin sama, cire batir daga tocila, ka sa batiran litiyam a jakar hannu cikin 'yar robarsu, ba a akwatin da za a auna ba. In kuma ajiya za ka yi mai tsawo, bar 18650 da rabin caji, wajen bolt 3.7, a wajen tocilar. Ni nakan manna 'yar farar takarda a jikin kowane batir in rubuta ranar da na saye shi da awannin da ya yi a gwajin bokiti, in sake gwajin duk farkon damina kafin ruwa ya yi ja.